Ƙafa da ɗumi, jijiya na bugawa, tsoka kuwa na mutuwa: awon matsin ƙwauri bayan karaya

Tambayar ta zo ne daga wani malamin jinya da ke aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Daura. Ga ta a taƙaice. An kawo musu wani saurayi ɗan acaɓa mai kimanin shekara 24 bayan la'asar, mota ta buge shi, babban ƙashin ƙwaurinsa ya karye amma fata ba ta fashe ba. Suka sa masa filasta, suka yi masa allurar kashe zafi. Da dare ya yi ta kuka, aka ƙara allura har sau biyu ba ta yi ba. Malamin ya taɓa ƙafar ya ji ta da ɗumi, jijiyar bayan ƙafa kuma tana bugawa, sai hankalinsa ya kwanta. Da asuba aka wuce da yaron Katsina. Can aka soka masa allura a ƙwauri aka auna, aka ce 48 ne, awon jininsa kuma 110 bisa 65, nan take aka shiga da shi tiyata aka tsaga ƙafar gefe biyu. Dangi suka fusata, suna cewa sun kai ƙafa babu ko ƙwarzane an mayar musu da ita a feɗe. Yana so ya san me aka auna, wace lamba ce ke sa a tsaga, ko za a iya wannan awon a asibiti irin nasu, kuma ko sun yi kuskure a daren.

Malam, Allah ya saka da alheri, domin ba kowane ma'aikaci ke komawa ya binciki daren da ya riga ya wuce ba. Bari in fara da abin da na san ya fi ci maka rai. Bugun jijiyar nan ya yaudare ka, kuma ya sha yaudarar likitocin da suka fi ni da kai daɗewa a bakin aiki. Waɗanda suka tsaga ƙafar kuwa, bisa lambobin da ka kawo, sun yi abin da ya wajaba, kuma da ni ne a wurin ba zan tsaya jiran komai ba.

Idan ka taɓa tsayawa wurin masu kilishi kana kallo suna gyara cinyar sa, ka ga wani farin tantani mai sheƙi da ke lulluɓe da tsoka, wanda suke bi da wuƙa suna ɗayewa domin ba ya taunuwa. Mu ma muna da shi. Ba ya miƙewa, ba ya saki. A ƙwauri wannan tantani, tare da ƙasusuwan nan biyu, ya raba tsoka gida huɗu: ɗakin gaba, wanda tsokarsa ke ɗaga sawu da yatsu sama; ɗakin gefe na waje; ɗakin baya na sama-sama, wato sha-raɓa da kowa ke iya damƙa; sai ɗakin baya na can ciki, wanda ke manne da bayan ƙashi, hannu ba ya kai masa. Kowane ɗaki yana da tsokarsa da hanyoyin jininsa da jijiyar ji da ta ratsa shi. A ƙafa mai lafiya matsin da ke cikin waɗannan ɗakuna bai kai 10 ba, da ma'aunin milimitar zaiba, wato ma'aunin da muke faɗin awon jini da shi.

To ƙashi ya karye. Jini ya zuba a cikin ɗakin, tsokar da ta bugu ta kumbura, bango kuma ya ƙi matsawa. Abin da ya fara dannuwa shi ne jijiyoyin da ke fitar da jini, domin bangonsu laushi gare shi. Jini na shiga ba ya fita, ruwa na tsattsafowa cikin nama, kumburi na ƙaruwa, matsi na ƙara hawa, tsokar da ta rasa iska ita ma ta ƙara kumbura. Haka abin ke ciyar da kansa. Wannan shi likitoci ke kira kompatmen sindirom, ni kuwa idan ina yi wa dangi bayani nakan ce shaƙewar tsoka, domin shaƙewa ce ta gaske.

Dalilin da ya sa ka ji bugun jijiya yana nan. Ka tuna da lambu: babbar magudana na iya cika maƙil tana gudu har ƙarshen gona, alhali ƙananan bakunan da ke shigar da ruwa fangali sun toshe, shuka tana yaushi a gefen ruwa. Babbar jijiyar da ke ratsa ƙwauri tana tafe da ƙarfin lambar sama ta jini, 110 ko 120. Ƙananan hanyoyin da ke shayar da tsokar kanta, waɗanda ba su kai kaurin gashi ba, ƙarfinsu bai wuce ashirin da wani abu zuwa talatin ba. Matsin 48 ya isa ya rufe waɗannan ruf, amma bai kai ko rabin abin da zai tsayar da babbar ba. Shi ya sa sawu ke nan da ɗumi, farce na komawa ja idan an danna, tsoka kuwa tana mutuwa a tsakani. Duk ranar da ka nemi bugun ka rasa, ko dai jijiyar ce ta yanke tun wurin haɗarin, ko kuma an riga an makara ƙwarai.

Kuma lokacin ba shi da yawa. Tsokar da jini ya yanke mata takan jure kimanin awa 4 ta farfaɗo, daga awa 6 lalacewa ta fara zama ta dindindin, bayan awa 8 kuwa abin da ya mutu ya mutu. Wasu likitoci biyu, Sheridan da Matsen, sun duba marasa lafiyarsu a 1976 suka ga waɗanda aka tsaga kafin awa 12, kashi 68 cikin ɗari gaɓarsu ta koma aiki daidai, waɗanda aka tsaga bayan haka kuwa kashi 8 kacal. Tun a 1881 wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda gaɓa ke ƙanƙancewa ta sandare bayan an ɗaure karaya tamau, ya kuma ɗora laifin a kan ɗaurin. Har yau sunansa ake kiran wannan nakasar da shi, kuma har yau muna ganin ta a yaran da aka kawo daga wurin ɗori.

Yaronku kuwa shi ne ainihin wanda ciwon ke nema. A Edinbura ta ƙasar Sikotilan, wata likita, McQueen, da abokan aikinta sun tattara mutum 164 da ya same su, suka wallafa a 2000: kashi 69 karaya ce sanadi, kashi 36 kuma karayar tsakiyar ƙashin ƙwauri ce, maza sun ninka mata kusan sau goma, galibinsu matasa. Saurayi tsokarsa ta cika ɗakin dam, tantaninsa da tauri, babu sararin kumburi. Tsoho mai sakakken nama ya fi shi samun sauƙi a nan. Kada kuma wani ya ce maka idan fata ta fashe ƙashi ya leƙo an tsira, wai matsin ya sami mafita. Raunin yakan buɗe ɗaki ɗaya, shi ma ba duka ba, sauran ukun suna nan a rufe.

Kafin in zo kan allura da lambobi, dole in tsaya a kan kukan da yaron ya yi, domin shi ne awon farko, kuma kun same shi kyauta. Karayar da aka daidaita aka tallafe da filasta, zafinta raguwa yake yi. Idan yana ƙaruwa, allurar da ta kwantar da shi da magariba ta kasa da isha'i, to ruwa ba ya tsami banza. A nan al'adarmu takan yi mana shamaki. Ka tambayi Bahaushe ya jiki, ko yana bakin mutuwa zai ce da sauƙi. Saurayi ba zai yi raki gaban mahaifinsa ko surukinsa ba, Bafulatani kuwa sai ya cije leɓe har gari ya waye. Wanda ya yi kukan kuma sai 'yan jinya su ce ya cika raki, mu ma mu biye musu. Saboda haka ni ba na tambayar ya jiki in tafi. Nakan kama babban yatsan ƙafa da hannuna in lanƙwasa shi ƙasa a hankali, ina kallon fuskarsa, ba bakinsa ba. Wannan yana jan tsokar ɗakin gaba. Sannan in tura yatsun sama, wannan yana jan ta ɗakin baya na ciki. Tsokar da ke shaƙe ba ta jure ja, mutum zai zabura ko ya riƙe maka hannu komai dauriyarsa. Daga nan in shafa fatar da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, in gwada da ta ɗaya ƙafar. Jijiyar da ke ba wannan ɗan wuri ji ta ɗakin gaba ta biyo, idan ya ce wurin ya yi dum ko kamar kiyashi na tafiya, ɗakin gaba na cikin haɗari. Tafin ƙafa kuma shi ke ba da labarin ɗakin baya na ciki. Yaro ƙarami ba zai yi maka wannan bayanin ba. Shi nasa alamun su ne firgita, rashin natsuwa, da neman ƙarin magani a kai a kai.

Taɓa ƙwauri a ji ya yi tauri kamar itace alama ce, amma rashin jin taurin ba hujja ba ne. An gwada likitocin ƙashi a kan wannan, aka ga hannu yana kuskure sosai, ɗakin can ciki kuwa hannu ba ya ma isa gare shi.

Idan mutum yana cikin hayyacinsa, alamun nan kuma sun bayyana sarai, ba ma aunawa. Tiyata ake shiga. Awon an yi shi ne domin wanda ba zai iya faɗa ba: wanda ya bugu a kai ya suma, wanda ke kan na'urar numfashi, wanda ya sha ƙwaya ko barasa, wanda aka yi wa allurar baya ko aka kashe masa jijiyar ƙafa don rage zafi, ƙaramin yaro, da kuma wanda alamunsa suka tsaya tsaka-tsaki har likita ya kasa yanke shawara.

Hanyoyin aunawa uku ne za ka ci karo da su. Akwai 'yar na'urar hannu ta kamfanin Stryker, mai sirinji da allura mai huda a gefe, ana daidaita ta a kan sifili a karkacen da za a soka, a soka, a tura ɗigon ruwa kaɗan, a jira lambar ta tsaya. Akwai kuma haɗa allura ko siririyar roba da na'urar ɗakin tiyata da ke auna jini kai tsaye daga cikin jijiya, wannan ita ke ba da damar barin robar a ciki ana kallon lambar awa bayan awa. Ta ukun ita ce wadda Thomas Whitesides ya bayyana a Amurka a 1975, kuma ita ce ta shafe ka, domin kayanta duk suna ɗakin ajiyarku: ma'aunin jini mai zaiba, robar ƙarin ruwa guda biyu, makunni mai baki uku, sirinji mai cin mililita 20, allura lamba 18, da ruwan gishirin ƙarin ruwa.

Ga yadda ake haɗa ta. Roba ɗaya ta tashi daga makunni zuwa ma'aunin, ɗayar daga makunni zuwa allura, sirinji kuma a baki na uku da iska kimanin mililita 15 a cikinsa. A zuƙo ruwan gishiri ta allurar har ya kai rabin robarta, ba kumfa ko ɗaya, ta yadda za ka ga iyakar ruwa da iska ƙarara. A wanke fata, a soka allura cikin tsoka, a buɗe makunni ta duk bakunan uku. Sai ka fara danna sirinji sannu a hankali, idonka a kan iyakar ruwan nan, wani kuma idonsa a kan zaiba. Muddin matsin tsoka ya fi na sirinji, ruwan ba zai gusa ba. Daidai lokacin da bakin ruwan ya miƙe ya fara motsawa wajen ƙafa, lambar da zaiba ta nuna ita ce matsin ɗakin. Dole iyakar ruwan ta kasance daidai da tsayin bakin allurar, in ta fi shi sama ko ƙasa lambar ta gurɓata.

Inda ake sokawa ya fi na'urar muhimmanci. Wani likita, Heckman, da abokansa sun nuna a 1994 cewa matsin ya fi yawa a kusa da karayar, yana raguwa in aka yi nisa, shi ya sa ake sokawa cikin santimita 5 daga inda ƙashin ya karye. Wanda ya ji tausayi ya gudu can nesa da ciwon zai samo lamba mai daɗin ji wadda ba gaskiya ba ce. Ɗakin gaba ana shigarsa kamar santimita 1 daga kaifin ƙashin ƙwauri ta waje. Na baya na ciki ana shigarsa ta gefen ciki, a bi bayan ƙashin daf da shi, a nufi siririn ƙashin gefe. Waɗannan biyun su suka fi kamuwa, amma duka huɗun ake aunawa, a ɗauki mafi girma. Ƙafa ta kasance daidai da tsayin zuciya, a tallafi dunduniya don kada sha-raɓa ta danne a katifa, kada kuma wani ya riƙe sawun ya tanƙwara shi sama, wannan kaɗai yana ɗaga matsin ɗakin baya. In kana shakkar ko allurar ta shiga inda kake nufi, matsa tsokar kaɗan, lambar za ta yi tsalle ta dawo.

Yanzu lambar. Shekaru da dama ana koyar da cewa idan ta kai 30 a tsaga, wasu suka ce 40, wasu 45. Amma tun farko Whitesides ya lura cewa lambar ita kaɗai ba ta da ma'ana sai an gwada ta da ƙarfin jinin mai ƙafar, domin abin da ke tura jini cikin tsoka shi ne rarar da ke tsakanin su biyun. Aikin da ya tabbatar da wannan shi ne na McQueen da Court-Brown a 1996. Sun sa robar awo a ƙafar mutum 116 masu karayar ƙwauri suka bi su awa 24. A cikin awa 12 na farko mutum 53 sun haura 30, mutum 30 sun haura 40. Da an bi tsohuwar ƙa'idar 30, da an tsaga kashi 43 cikin ɗari. Su kuwa suka ce ba za su tsaga ba sai tazarar da ke tsakanin lambar ƙasa ta jini da matsin tsoka ta gaza 30. Mutum 3 kaɗai suka cika wannan sharaɗi aka tsaga su, kuma da aka sake duba dukansu bayan aƙalla wata 6, ba a sami ko ɗaya da alamar an bar tsokarsa ta mutu ba.

Lissafin ke nan: lambar ƙasa, a cire matsin tsoka. Na yaronku 65 a cire 48, saura 17. Wannan ya yi ƙasa da 30 nesa ba kusa ba, ga kuma daren da ya kwana yana kuka. Ka ga kuma yadda lamba ɗaya ke zama abu biyu. Dattijo mai hawan jini da lambar ƙasarsa 100, matsinsa 45, yana da rarar 55, tsokarsa na shan jini. Saurayin da ya zubar da jini a hanya lambar ƙasarsa ta faɗo 50, matsinsa 28 kacal, rararsa 22 ce, yana cikin haɗari alhali bai kai 30 ɗin da wasu ke jira ba. Wannan ne ya sa ƙarin ruwa da ƙarin jini ga wanda jininsa ya faɗi suna cikin maganin ƙafar kanta. Abu ɗaya da nake yawan tunatar da matasan likitoci: allurar barci tana saukar da lambar ƙasa na ɗan lokaci, don haka in an auna a kan teburin tiyata, a yi lissafi da awon jinin da aka ɗauka kafin a sa shi barci.

Duk da haka ina so ka riƙe awon da hannu biyu amma kada ka ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Wani bincike na 2014 ya auna masu karayar ƙwauri sau ɗaya tak, waɗanda ba su da alamar ciwon kuma bai same su daga baya ba, sai kashi 35 suka nuna rarar da ta gaza 30. Da an bi lambar ido rufe da an tsaga ƙafafu masu lafiya. Amma inda aka bar roba a ciki aka ga rarar ta zauna ƙasa da 30 fiye da awa 2, kamar yadda mutanen Edinbura suka ruwaito a 2013 a kan mutum 850, awon ya kama kashi 94 na masu ciwon, ya kuma wanke kashi 98 na marasa shi. Wato alkiblar da lambar ta nufa ta fi lambar kanta faɗin gaskiya. Haɗin Whitesides kuma, da aka gwada shi da sauran, shi ya fi su kuskure, allura mai baki ɗaya takan toshe da nama ta ba da lambar da ta zarce gaskiya. Abin da na fi tsoro ma shi ne akasin haka, a soka a wurin da ba daidai ba, a sami 15, kowa ya koma barci. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

To za ku iya yi a asibitinku? Haɗawa za ku iya, kuma ina ganin ya dace likitanku da ku ku gwada haɗa kayan da rana tsaka ba mara lafiya a gabanku, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka tambayi kanka, in lambar ta fito da muni, wa zai tsaga? Idan babu mai yi a wurinku, to awon bai ƙara muku komai ba sai jinkiri, zargin ciwon kaɗai ya isa dalilin tura mutum. Daga Daura zuwa Katsina ta Mashi kimanin kilomita 80 ne, wanda yake Zango ko Baure kuma nasa ya fi haka, kafin a nemo mota, a haɗa kuɗin mai, a shawo kan masu tsoron tafiyar dare, a jira wan mahaifi ya zo ya ba da izini. Awannin nan shida a nan suke ƙarewa, ba a ɗakin tiyata ba. Shi ya sa ni a ganina saurayi mai karayar ƙwauri ta haɗarin mota, wanda ƙafarsa ta fara cika, gara a tura shi tun da sauran rana, kada a bari sai dare ya nuna halinsa.

Abin da ya kamata a yi a daren, kuma wannan yana hannunka ko babu likita kusa, shi ne a tsaga duk abin da ya zagaye ƙafar, filasta da bandeji da audugar ƙarƙashi, tun daga sama har ƙasa, sai ka ga fata da idonka. Audugar da ta sha jini ta bushe ɗauri ce mai zaman kanta. Tsaga ɗaurin nan kaɗai yana iya rage matsin da fiye da rabi. Kada ka ji tsoron karayar za ta goce, ƙashi ana sake gyara shi. A sauke ƙafar daga kan tulin matasan kai a ajiye ta daidai da zuciya, domin ɗaga ta sama, wanda muka saba yi don kumburi, a wannan hali rage mata jini yake yi. A sa masa iskar oksijin, a ɗaura ruwa, a hana shi ci da sha saboda tiyata. In rabin awa ta wuce zafin bai sauka ba, a kira inda za a kai shi a faɗa musu sunan abin da ake zargi da lokacin da haɗarin ya faru, don su shirya kafin ya iso. Kuma ga duk mai irin wannan karaya, a duba shi kowace awa a daren farko, a rubuta lokaci, zafinsa, abin da jan yatsa ya nuna, jin fatar tsakanin yatsu, da awon jini. Maganin zafi a ba shi, ba a hana mutum magani don a gane ciwo, amma duk wanda ya nemi ƙari kafin lokaci, a buɗe ƙafar a duba kafin a ɗauko sirinji.

Akwai wani rukuni da za ka riƙa gani, waɗanda suka fara zuwa wurin maɗori aka jera musu karare aka ɗaure, sai bayan kwana biyu ko uku a kawo su ƙafa ta yi bororo, ba ji ba motsi, zafin ma ya daina. Ba na raina maɗora, jama'a sun yarda da su kuma suna kusa da su, na kuma san akwai masu sassauta ɗauri in sun ga kumburi. Amma ɗauri tamau a kan sabuwar karaya shi ne abin da Volkmann ya yi kuka da shi. Irin waɗannan awon matsi ba ya taimakonsu, domin in tsoka ta gama mutuwa lambar na iya saukowa da kanta. Tsagawa a wannan lokaci kuma tana iya zama buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa zuwa ga mataccen nama. Wani likita, Finkelstein, ya ba da labarin mutum 5 a 1996 da aka tsaga bayan fiye da awa 35, ɗaya ya rasu, sauran huɗun aka yanke musu ƙafa. Wannan shawara ce ta babban likita, ba a yin ta da gaggawa. Abin da za ka sa wa ido kai shi ne fitsari. In ya koma kalar shayi ba madara ko ya ragu, dattin matacciyar tsoka ne ya isa ƙoda, a sa robar fitsari, a ba da ruwa sosai, a tura shi inda ake gwajin jini da wankin ƙoda.

Dangin kuma suna da haƙƙin a zaunar da su, domin abin da suka gani abin tsoro ne. Tsagi biyu ne dogaye, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki, kowanne ya kusa tsawon ƙwaurin, saboda ƙaramin tsagi ba ya sakin ɗakunan huɗu, kuma da gangan ake barin su a buɗe. Ka faɗa musu naman da suka ga ya bulluƙo waje, da a ciki yake a matse, in ja ne yana motsi in an taɓa to rai gare shi. Za a koma da shi tiyata bayan kamar awa 48 a sake dubawa a cire abin da ya mutu, wataƙila fiye da sau ɗaya. In kumburi ya sauka a ɗinke, in bakin ya ƙi haɗuwa a ɗebo fata daga cinya a dasa. Shi kuma ƙashin da ya karye za a riƙe shi da ƙarfe, kuma irin wannan karaya takan ɗan jima kafin ta haɗe fiye da wadda ba ta sami wannan matsala ba, gara su sani tun yanzu kada su ce tsagin ne ya hana ta. Ka roƙe su musamman kada su ɗauke shi zuwa gida ko wurin ɗori da rauni a buɗe.

In an sallamo shi ya dawo wurinku wankin ciwo, ka sa ya ɗaga babban yatsansa da sawunsa sama da kansa, ka shafa tsakanin yatsun nan biyu da tafin ƙafa, ka rubuta abin da ka samu kowane zuwa. In sawun yana faɗuwa, a sa masa abin tallafi da zai riƙe shi a miƙe kamar yana tsaye, a fara gashin ƙashi da wuri kafin agara ta ƙanƙance. Jijiyar da matsi ya danne ba tare da ta mutu ba takan ɗauki makonni ko watanni tana dawowa, don haka kada shi ko mahaifinsa su yanke ƙauna a wata na farko. Allah ya ba shi lafiya, ka gaishe min da shi.